Jan Nama a Ƙwaurin Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi a wancan zamani. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, Baba ma haka. In zance ya biyo ta kaina sai su ce "yarinyar nan", ko "ta wajen Gwaggo". Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Kaikai aka kai ni Kankiya hannun ƙanwar Baba, wadda Allah bai ba haihuwa ba, can na girma. In na je Kaikai da salla, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe su, su amsa suna kallon wani wuri, sannan Inna ta aiko mani da fura ta hannun wani. Furar kuwa ta fi ta kowa nono, wannan na lura da shi tun ina ƙarama.

Jikokina in na ba su wannan labari sai su zaro ido su ce, "To ba sa son ki ne?" Ni kuwa haushi ya kama ni. Yo wace irin tambaya ce wannan? Kunya ce, kuma haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa uwarta. Ban taɓa jin cewa an ƙi ni ba. Abin da kawai na sani shi ne, duk maganar da za ta shiga tsakanina da iyayena sai ta bi ta bakin Gwaggo.

Mijin Gwaggo ma'aikacin En'e ne, shi ya sa ni boko. Shekarar da aka sami 'yancin kai ina firamare, aka rarraba mana 'yan tutoci, tawa ta ƙare a korar ƙuda daga farantin ƙosan Gwaggo. Daga nan na wuce makarantar koyon jinya, na dawo Kankiya da farar riga, na yi aure, na kama aiki a asibiti. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, naira sabuwa ce a hannun mutane, babura sun cika gari, masu tallan magani kuma suna bin kasuwanni da faifai cike da kafso ja da rawaya, wanda a faɗarsu babu ciwon da ba ya yi.

Bayan shekarun fari, da ruwa ya dawo, Baba ya yi ƙoƙari ya haɗa shanun noma biyu da garma. Ran nan yana huɗa sai sa ɗaya ya firgita ya fizga, bakin garmar ya same shi a ƙwaurin dama. Ciwon ba wani babba ba ne, an ce ma bai bar gonar ba sai da ya gama kunyar da ya fara. Babu wanda ya gaya mani. Wa zai gaya mani? Sai da damina ta yi nisa wata mai tallan nono daga wajen Kaikai ta kawo ɗanta allura, ta ƙura mani ido ta ce, "Halan ke ce ɗiyar malamin nan mai shanun huɗa? To ƙafar tsohonki fa ta ƙi."

Ranar hutuna maigidana ya goya ni a babur muka bi ta Kusada, ga taɓo ga ramuka, muka isa Kaikai. Tun daga zaure na ji warin. Wanda ya yi aikin asibiti ba ya ɓata warin gyambo. Baba na zaune a turakarsa kan buzu, ya miƙe ƙafar, yana jin sallamata ya ja gefen riga ya rufe ta. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ina wuni, ya jiki?" Ya ce wa bango, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. An zo lafiya?" Iyakar abin da na samu ke nan. Ni da nake wanke ciwon mutanen da ban san daga inda suka fito ba, ga ƙafar ubana taku kaɗan daga inda nake, ba ni da ikon ɗaga rigar. Na dawo Kankiya zuciyata na tafasa, na sauke wa Gwaggo.

Gwaggo ce ta je ta lallaɓo shi, da kuka da tuna masa iyayensu, har ya yarda aka kawo shi asibiti a bayan a-kori-kura ranar kasuwa. Wata abokiyar aikina ce ta kwance ƙyallen, ni kuwa na tsaya bayan labule ina leƙe. Gyambon ya kai faɗin tafin hannu. Gefensa ya yi tauri, cikinsa ya yi fari-fari da toka-toka, kamar an kankare shi da wuƙa. Likitanmu na lokacin Ba'indiye ne, mai Hausa guntu-guntu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya fito ya ja ni gefe, don ya san ko wane ne. Ya ce ciwon ba ya yin nama, kuma ƙashi na kusa. In aka dawo da shi bayan kaka bai ga jan nama ya cika wurin ba, to sai a tura shi Katsina a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kafin abin ya ci ƙashin ya hau sama.

Na san abin da yanke ƙafar nan ke nufi. Mai ƙafa ɗaya ba ya bin shanu a gona. Ƙannena duk ƙanana ne, babu mai riƙe garma a cikinsu. Ga Baba mutum ne da ko zazzaɓi yake bai yarda ya yi salla a zaune. Aka ce ya kwanta a asibiti ya ƙi, ya ce gero na shirin isa yanka, ba zai bar shi wa tsuntsaye ba. Da la'asar aka mai da shi gida.

Sai na haɗa ƙunshi: auduga, bandeji, ƙyallen asibiti mai raga-raga, da man da muke shafa masa don kada ya manne. Na zaunar da Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla, har da maganar yanke ƙafar. A tafasa ruwa da ɗan gishiri, a bar shi ya huce, a zuba a hankali, a rufe. Kada a zuba komai bayan wannan. Kuma duk abin da ya tsiro ja a cikin ciwon, don Allah don Annabi kada a taɓa shi. Na maimaita mata har ta ce, "Ke, na ji, ai ba kurma ba ce ni." Ta ɗauki ƙunshi ta tafi Kaikai, ta dawo ta ce ta isar.

Makonni suka wuce, duk wanda ya zo daga can na tambaya sai ya ce jiki da sauƙi, irin da sauƙin nan namu da ake faɗa ko mutum na bakin kabari. Da na kasa haƙuri na nemi hutu, na ɗauki Gwaggo muka tafi da niyyar kwana biyu.

Da hantsi ya fito na ga abin da ban taɓa gani ba, don ban taɓa kwana a gidan ba tun da ciwon ya samu. Inna ta dafa bagaruwa a tukunya, ta juye ruwan a ƙwarya yana tururi, ta ɗauki sabon soso ta shiga turaka. Gwaggo ta bi ta, ni kuma na raɓe a jikin ƙofa inda nake iya hangen ƙafar. Inna ta kwance bandejina, wanda ta naɗa tsaf kamar yadda aka nuna mata. Wallahi sai murna ta kama ni. A gefen gyambon, ta ƙasa, ga wasu 'yan ƙuraje jajaye sun taso, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna sheƙi. Abin da likita ke nema ke nan. Kafin in buɗe baki, Baba ya cusa gefen rawaninsa a baki ya cije, Inna ta tsoma soso a ruwan zafi ta hau gurzawa.

Ta gurza har jajayen nan suka tafi, jini ya gangaro kan buzu. Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta tsaya ba. Ta ɓare kafso ta barbaɗa garin, sannan ta mai da bandeji. Tana ɗaurewa tana ce wa Gwaggo, "Kin gani ko? Mugun naman nan ba ya gajiya. In kawar da shi yau, jibi ya dawo. In ya fi ƙarfina wanzami ke zuwa ya sa aska. Ni dai ba zan bari ya cinye mashi ƙafa ba."

Na koma bayan rumbu na zauna a ƙasa. Ashe duk watannin nan jikin Baba bai taɓa fasa ƙoƙari ba.

A lokacin abin da na sani kaɗan ne. An koya mana a makaranta cewa jan naman nan alamar warkewa ce, cewa cike yake da sababbin jijiyoyin jini, shi ya sa yake zub da jini da an taɓa shi. Yadda aka yi jijiyoyin suka san inda za su nufa kuwa, babu wanda ya gaya mana, ina jin malaman namu ma ba su gama sani ba. Sai da na yi ritaya, 'yata ta fari, wadda ke koyar da ilmin jikin ɗan Adam a jami'a, ta zaunar da ni ta warware mani. Ita kam ina kiran sunanta, da ƙarfi ma, har maƙwabta sun san shi.

Ta ce in an yanki mutum, naman da ke tsakiyar ciwon ya rabu da jini ke nan, ba abinci ba iska. Ƙwayoyin halittar da ke wurin, da sun ji iska ta yanke masu, sai su fara fitar da wani sinadari da ke watsuwa cikin naman da ke kewaye, ya fi yawa kusa da su, yana raguwa in an yi nisa. Wannan shi ne kiransu. Masu fara isowa wurin fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda muke ce wa sojojin jiki. A cikinsu akwai wasu manya masu haɗiye ƙazanta da mataccen nama da ƙwayoyin cuta. Da faɗa suke zuwa, su ke kawo kumburi da zafi. Amma in suka share wurin suka ga babu sauran abokin faɗa, sai halinsu ya sauya. Su da kansu sai su koma fitar da saƙon da ke ce wa tsofaffin jijiyoyin bakin ciwon su yi tsiro.

Na ce mata, "Jijiya ta yi tsiro? Sai ka ce kabewa?" Ta yi dariya ta ce ai kusan haka ne. Daga jikin tsohuwar jijiya ƙwaya ɗaya ke fita gaba, tana miƙa 'yan yatsu tana lalube, tana bin inda kiran ya fi ƙarfi. Ita kuma tana aika wa na bayanta cewa kada kowa ya yi gaba, su bi ta kawai, su yi ta rabuwa suna ƙara tsawo, su bar rami a tsakiya. In wannan tsiro ya haɗu da wani tsiron, manyan ƙwayoyin nan masu haɗiya sukan taimaka a haɗa bakinsu, sai jini ya sami hanya ya zagaya. Kowane ɗan ƙurji ja da na hango a ƙafar Baba, ƙullin irin waɗannan jijiyoyi ne, sun fi gashi siranta, bangonsu bai yi ƙwari ba tukuna. Da jini ya iso, iska ta wadata, kiran sai ya yi shiru da kansa, fata ta fara rarrafowa daga gefe.

Sai na tambaye ta abin da ya daɗe a raina. Na ce, in kullum ana gurje wurin fa? Ta ce to kullum sabon ciwo ne. Sojojin nan ba za su taɓa ajiye faɗa su kama gini ba, don kowace safiya akwai sabon mataccen nama da za su share. Haka za su yi ta zuba abin da ke narkar da nama, har gefen ya yi tauri ya gaji. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce lafiya lau, kakarki na tuna.

Ba na ɗora wa Inna wauta, kuma ba na son in ji wani ya ɗora mata. Nama ja mai tudu da ke zub da jini, wa zai kalle shi ya ce lafiya ce? Mu ma a asibiti, in ya yi yawa ya haura saman fata, mukan rage shi. Abin da ta gada ke nan, ciwo mai kyau shi ne busasshe. Ta yi aikinta da iyakar ƙarfinta, ba ta taɓa tsallake safiya ɗaya ba, kuma wannan naci nata shi ne ya kusa kai ƙafar Katsina.

A bayan rumbun nan Gwaggo ta same ni. Na miƙe na ce, "Gwaggo, kin faɗa mata abin da na ce?"

Ta kau da kai ta ce, "Na ba ta kayan. Na nuna mata ɗauri."

"Maganar jan naman fa?"

"Da wane bakin?" in ji ta. "Mace ta kwashe damina guda tana jinyar mijinta, ba barci ba hutu, in je in ce mata ɗiyarki ta fari ta aiko a gaya maki hannunki ne ciwon? Haba! Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Na ce, "To ki riƙe kunyarki, Gwaggo, in an yanke ƙafar sai ki ba shi ita ya dogara." Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba, ta buɗe baki tana kallona. Dama tun ina yarinya ana cewa bakina ya fi ni girma.

Washegari da hantsi Inna ta sake ɗaukar ƙwaryarta da soso. Na bar ta ta shiga, ta zauna, ta kwance bandeji. Sai na cire takalmi na tsallaka dokin ƙofar nan da ban taɓa tsallakawa ba. Ta riga ta tsoma soson. Na durƙusa na kama wuyan hannunta. Tun da aka yaye ni fatata ba ta taɓa tata ba, sai ran nan. Hannun siriri ne, da zafi.

Na ce, "Inna, bari."

Baba ya ɗaga kai yana kallon azara. Gwaggo daga waje tana ta salati. Ni kuwa da na fara ban iya tsayawa ba. Na ce naman nan da take kawarwa shi ne maganin, shi likita ke jira, jiki ne ke ɗinke kansa, in aka ci gaba da gurzawa bayan kaka za a yanke ƙafar. Ashe ma ba su san da maganar yankewar ba, ita ma Gwaggo ta haɗiye ta.

Inna ba ta dube ni ba. Ta juya wajen ƙofa ta ce, "Gwaggonsu, tambaye ta. Ashe ni ce?"

Wannan tambaya har yau tana sukata. Na so in ce a'a. Amma in na ce a'a, gobe soson zai dawo. Na ce, "Soson ne, Inna, da askar wanzami."

Ta saki soson ya faɗa cikin ƙwarya, ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta tashi ta fita. Na zauna ni da Baba, ban san inda zan sa idona ba. Can sai na ji motsi a kan buzu. Ya turo ƙafar gabana, yana kallon azara dai, ya ce, "A bar mai aiki ta yi aikinta."

Na ƙara hutu na zauna. Kowace safiya in tafasa ruwan gishiri, in bar shi ya huce, in zuba a hankali, in rufe. Wanzami ya zo ranar da ya saba, na tare shi a zaure na ce a dawo lafiya, aski kawai Baba ke buƙata. Inna kuwa ta daina shiga turakar. Tana dafa abinci, tana daka, amma ba ta cin na kirki, kuma furata ta daina zuwa. Wannan ya dame ni ƙwarai, ba don furar ba.

Jajayen suka dawo. Da farko a gefe ɗaya, sannan suka fara haɗuwa. Amma hutuna ya ƙare, kuma babu wanda zai karɓi aikin in ba Inna ba. Na ce wa Gwaggo ta kira ta, in ba haka ba in je in kira ta da kaina, kowa ya ji. Ta zo ta zauna a gefe. Na kwance bandejin. Da ta ga naman ya yi ja jawur, har wani wuri ya ɗan tsattsafo da jini, na ga yatsunta sun fara motsi a kan cinyarta, suna neman soso. Ita ma ta gani. Sai ta ɗaga jikinta kaɗan, ta tura tafukanta biyu ƙarƙashinta, ta zauna a kansu.

Ta ce wa bango, "Yana jini fa."

Na ce, "Jinin nan muke nema. A zuba ruwa kawai, a rufe."

Haka na koma Kankiya, rabin hankalina a Kaikai. Ina ba marasa lafiya magani ina tunanin tukunyar bagaruwa. Abin da mutum ya yi wata da watanni yana ganin shi ne daidai, magana ɗaya ta 'yar da ko sunanta ba ya kira za ta hana shi? Ga maƙwabta, na san za su shigo dubiya su ga naman su ce a kira wanzami. Aiki ya riƙe ni, aka yanke gero, aka fara karyar dawa, ban samu na koma ba. Lokacin da likita ya ɗiba kuwa yana ta matsowa.

Ranar da na samu zuwa, maigidana ya sauke ni a ƙofar gida. Na yi sallama a zaure, ina shirin wucewa in je in durƙusa a inda na saba. Sai ga Inna ta fito daga cikin gida da sauri, zanenta duk dusa, ta tsaya a gabana. Ta dube ni a fuska. Ban taɓa sanin idanunta irin nawa ba ne sai ran nan.

Ta ce, "Ke. Ban taɓa shi ba. Zo ki gani."

Ta kama hannuna ta ja ni har turaka. Ita ta kwance bandejin da kanta. Ramin ya cike, ja kamar cikin kankana, ya zo daidai da fata, kuma daga gefe wata sabuwar fata siririya ta rarrafo ta ci kusan rabinsa. Babu wari. Na so in yi magana irin ta ma'aikatan asibiti, in ce ana samun ci gaba, sai kuka ya ƙwace mani a gaban Baba, ba kunya ba komai. Shi kuwa ya ce wa azara, "To, to. Ya isa."

Daga baya ƙanwata ta gaya mani yadda aka yi. Kullum in Inna ta zuba ruwan gishiri, sai ta zauna a kan hannuwanta ta yi ta kallon naman har ruwan ya tsane, sannan ta rufe. Matan unguwa sun zo sun ce za ta kashe mijinta da sakaci, ta ce masu ɗiyarta ta hana. Soson kuma ta jefa shi a murhu tun ranar da na tafi, wai don kada ta tashi wata safiya zuciyarta ta raya mata.

Da aka mai da Baba Kankiya, likita ya duba ya yi dariya ya ce babu zuwa Katsina. Kafin bazara ciwon ya rufe, ya bar tabo mai sheƙi da ba ya fitar da gashi. Da ruwa ya sauka Baba ya ɗaura wa shanunsa garma, kuma ya yi shekaru yana binsu da ƙafafunsa biyu. A tsaye ya yi sallarsa har ciwon ajali.

Inna ba ta ji bayanin da 'yata ta yi mani ba, ta riga mu gidan gaskiya kafin nan. Ba ta san da wani kira da nama ke yi ba, ko sojojin da ke ajiye faɗa su kama gini. An dai ce mata ta bar abin da idonta ke gaya mata mugu ne, ta zauna a kan hannunta ta bar shi. Bayan ranar da ta ja ni turakar nan ta koma yadda take, "yarinyar nan", "ta wajen Gwaggo", har ta rasu ba ta kira sunana ba, ba ta kuma sake ce mani "ke" ba. Amma da na tashi komawa Kankiya a wannan rana, ba ta aiko kowa da furar ba. Ita ta kawo mani har zaure, ta tsaya sai da na shanye, ta karɓi ƙwaryarta.